Alhaji Abarshi a Ajin Fizik

Muryar Alhaji Abarshi ta fara dushewa ne a tsakiyar sanyi, shi ya sa kowa ya ɗauka mura ce. Mutumin da in ya yi kira daga bakin tashar Ƙonni ake jinsa har wajen masu facin taya, sai ga shi yana magana kamar an riƙe masa wuya. Matarsa Hawa'u ta dafa masa citta da kanumfari, ta ba shi zuma, ya sha har ya gaji. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, murya ba ta dawo ba. Da haɗiyar tuwo ta fara yi masa wuya, babbar ɗiyarsa Fadila ta bar lallashi. Ta ɗauki izinin kwana huɗu a lise, makarantar sakandaren da take koyar da fizik, ta sa shi a kar, babbar motar fasinja, suka tafi Yamai.

Can aka zura masa siririn tiyo mai fitila a maƙogwaro, aka ɗebi ɗan nama aka auna. Da sakamako ya fito suka koma. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta ce ciwon daji ne, amma an zo da wuri, bai bazu ba, kuma ba sai an yanka ba. Da 'yar Hausar da ta iya ta ce za a gasa wurin da haske, minti kaɗan kullum, kwana biyar a mako, har mako bakwai. Ta ba su rana, bayan kwana ashirin.

A hanyar komawa, har suka wuce Doso da Dogon Dutsi Alhaji na kallon hanya ta taga. Fadila ta yi ta satar kallonsa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana jan kamyo, babbar motar kaya, albasar Galmi zuwa Abijan da Lome, siminti daga Malbaza zuwa duk inda aka ce. Yawancin shekarun nan da sigari a bakinsa, bai bari ba sai da ya dawo daga Makka. Yanzu ɗansa Zaidu ke jan motar, shi kuma yana zama a gareji yana gyara wa matasan direbobi kuskure.

Kwana uku da dawowarsu, bayan la'asar, yana kan tabarma a tsakar gida, ya ce musu ba ya zuwa.

Hawa'u ta ajiye faifan da ke hannunta. Fadila, wadda ta biyo daga lakwal ɗin da take koyarwa kafin ta wuce gidan mijinta, ta durƙusa gefen tabarmar.

"Baba, don mi?"

"Kin san Mahaman mai walda. An kai shi, an gasa shi, ya dawo wuya baƙi ƙirin. Wata biyu muka kai shi makwanci."

"Shi sai da ciwon ya cinye shi aka tahi da shi. Kai likita ta ce an zo da wuri."

"Na ji abin da ta ce." Ya tsaya ya haɗiyi miyau da ƙyar. "Na tambaye ta wane irin haske ne ke ratsa nama ba a ganinsa, daga ina yake hitowa, ina yake zuwa in ya gama. Ta ce kada in damu. Ni kuwa tun da nake ban taɓa jan motar da ban buɗe injinta na gani ba. Ba ni kwanciya ƙarƙashin abin da ban san cikinsa ba."

Tambayoyin nan uku su ne ainihin abin da Fadila ke koya wa 'yan ajin ƙarshe a wannan watan, kafin jarrabawar bak ta kammala sakandare. Shekara goma sha ɗaya tana koyarwa, mahaifinta bai taɓa tambayarta abin da take koyarwa ba. In ya gabatar da ita ga abokansa cewa yake malamar lissafi ce, ita kuma ba ta taɓa gyara masa ba.

"Baba, wanga aikina ne," ta ce. "Ka ba ni kwanakin da suka rage in buɗe maka injin. In ka gane shi kuma ka ce ba ka zuwa, ba ni ƙara yi maka magana."

Ya dube ta ya daɗe, sannan ya ce ya yarda. Sai da ta kama hanyar gida ta gane nauyin abin da ta faɗa, don ta san halinsa. Zai riƙe ta da wannan alkawari.

Washegari ta same shi a gareji, ƙarƙashin rumfar kwano, kusa da wani tsohon kamyo da aka cire wa tayoyi. Ta yanke shawarar farawa da abin da ya fi ta sani. Ta tambaye shi, in mota ɗauke da tan talatin tana gangara ya taka birki, ina gudun ke tafiya.

"Tsayawa yake."

"Ka taɓa taɓa birkin bayan doguwar gangara?"

Ya yi ɗan murmushi ya nuna mata tsohon tabo a gefen hannunsa. Ta ce to, gudun bai ɓace ba, zafi ya koma. Abin da ke cikin mai ya koma gudu, gudu ya koma zafi, zafi ya shiga iska. Kama yake sakewa, amma ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Wannan abu shi suke kira makamashi, kuma duk fizik bin sawunsa take yi. Ta ɗauko alli za ta rubuta masa yadda yake ƙaruwa da gudu, sai ya riga ta.

"In kina tahiya arba'in kika koma tamanin, nisan tsayawarki ba ninki biyu ne ba. Huɗu ne."

"Wa ya gaya maka?"

"Wata saniya a hanyar Madawa."

Ta yi dariya har da hawaye. Rabin ajinta faɗuwa suke a kan wannan tambaya kowace shekara. Ta ɗora hannunsa a kan murfin injin da rana ta gasa, ta ce haske ma makamashi yake ɗauke da shi, ga shaida. Wannan darasi ya shiga ba gardama.

Na biyu ya fi wuya. Ta ce masa ƙarfe da nama da ruwa duk da ƙananan ƙwayoyi aka gina su, ana kiransu atom, ƙanana ƙwarai har miliyoyi za su jeru a faɗin kan allura. Kowane atom yana da cibiya mai nauyi a tsakiya, da wasu ƙanana marasa nauyi kewaye da ita, elektoron. Ta fito da ƙwayar riɗi ɗaya ta ajiye a tafinsa.

"In cibiyar ta kai girman wanga, ka ajiye ta tsakiyar hilin ƙwallo, elektoron suna can bayan katanga. Tsakaninsu ba komi."

Alhaji ya ƙwanƙwasa ƙofar kamyon da zobensa. "Wanga ne ba komi cikinsa?"

"Kusan duka."

"To don mi hannuna ba ya wucewa?"

Ta zo da shirinta. Ta ciro maganaɗisu biyu da ta cire daga tsohuwar rediyo, ta juya su ta ce ya haɗa. Ya matsa, suka ƙi, ya ƙara ƙarfi suka zame gefe. Ta ce haka elektoron na hannunsa da na ƙofar ke ture juna. Ya daɗe yana wasa da maganaɗisun, daga baya ya zura su a aljihu bai tambaye ta ba.

A darasi na uku abu ya lalace. Suna cikin zaure da rana tsaka, ta rufe ƙofa da taga, ta manna fitilar waya a bayan yatsunsa, naman ya yi ja. Ta ce ga shi, ko hasken fitila yana ɗan ratsawa. Haske ma ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kowace ƙwaya da nata ƙarfi. Na fitila masu rauni ne, ko ka tara dubu ba su iya fizge elektoron daga atom, kamar a yi ta jifan tulu da auduga. Na injin likita sunansa gama, ƙwayarsa ɗaya ta fi ta fitila ƙarfi ninki dubu ɗaruruwa, tana kutsawa cikin nama ta buge elektoron ta fitar da shi, shi kuma ya tsinka abin da ƙwayar ciwon ke amfani da shi wajen hayayyafa.

Har nan yana biye da ita. Sai ya tuna wani abu.

"Zaidu ya ce mini rediyo da waya igiyar iska suke kamawa, awa ta ruwa in an jeha dutse. Ya ce ke kika gaya masa haske ma haka ne."

"Haka ne."

"Yanzu kin ce ƙwaya ne."

"Duka biyun ne, Baba. In yana tahiya yana bazuwa awa igiyar ruwa. In ya sauka, wuri ɗaya yake sauka awa ƙwaya."

"Wane wuri?"

"Ba a iya sani kahin ya sauka. Sai dai a ce nan ya hi yiwuwa, can bai cika yiwuwa ba."

Ya janye hannunsa. Ya ce abu ko tsakuwa ne ko ruwa ne, bai taɓa ganin wanda ya zama duka biyun ba. Kuma in masu injin ba su san inda harsashinsu zai sauka ba, da wuyan wa za su gwada? Fadila ta ƙirga kwanakin da suka rage a zuciyarta, tsoro ya kama ta, tsoron ya fito kamar faɗa. Ta ɗaga murya, ta koma Faransanci ba ta sani ba, ta ce shekara ɗari ana auna wannan abu ba a taɓa samun kuskure ba, ba don shi bai gane ba zai zama ƙarya. Alhaji ya miƙe ya buɗe ƙofar zauren. Ya ce, da wannan murya da ƙyar ake ji, shi bai yi lakwal ba, ta yi haƙuri ya ɓata mata lokaci. Ya fita.

Kwana uku ba su haɗu ba. Ta je gidan sau biyu, aka ce yana gareji, ta je gareji aka ce ya tafi masallaci. A zuwa na uku Hawa'u ta zaunar da ita a bakin murhu.

"Ke kina ganin gardama yake yi," in ji uwar. "Ubanki ko a kar ya zauna, ƙahwarsa na neman birki. Yanzu an ce ya kwanta, a ɗaure masa kai, kowa ya hita ya bar shi da inji. Jiya na same shi yana ta juya ƙarahunan nan naki yana kallo. Ki bar shi, zai zo da kansa."

Ranar Alhamis da hantsi Fadila tana tsakiyar darasi, yara hamsin da huɗu, zafi ya cika ajin, sai mai gadi ya leƙo ya ce tana da baƙo. Kafin ta amsa Alhaji Abarshi ya shigo da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a. Yaran suka miƙe tsaye. Ya yi musu hannu su zauna, ya wuce can baya, wata yarinya mai suna Ilham ta matsa ta ba shi gefen benci.

Fadila ta sha koyarwa gaban sufeton makarantu, ba ta taɓa jin tsoro irin na yau ba. Ta ce wa yaran yau da Hausa za a ƙarasa, suka yi ta murmushi.

Darasin ranar a kan atom masu fashewa ne. Ta ce akwai waɗanda cibiyarsu ba ta zauna daidai ba, kamar kayan da aka ɗaure a karkace, wata rana sai ta saki, in ta saki ta fitar da haske mai ƙarfi. Wani ƙarfe mai suna kobal da ke cikin kan injin likita irinsu ne. Ta fito da gwangwani cike da murafun kwalba guda ɗari biyu, ta girgiza ta watsa a kan tebur. Duk wanda ya faɗi a rigingine ya fashe, a cire shi. Yaran suka ƙirga, saura ɗari da uku. Aka sake watsawa, saura arba'in da tara. Aka sake, ashirin da shida. Ta ce haka kobal yake, duk shekara biyar da 'yan watanni rabinsa ke tafiya, kuma ba zafi ba sanyi ba guduma da za ta sa shi ya yi sauri ko ya jinkirta.

Daga can bayan aji aka ga hannun Alhaji a sama. Ajin ya yi tsit don a ji shi.

"Malama, wancan jan murhin na gehe. Zai juye a jihwa mai zuwa?"

"Ban sani ba, Baba."

"Babban malaminku hwa?"

"Ba wanda ya sani. Ba wai ilimin ne bai kai ba, a iya abin da aka auna, shi atom ɗin kansa ba ya ɗauke da alamar ranarsa. Amma in suna da yawa, ana sanin nawa za su tahi. A cikin injin ba ɗari biyu ne ba, ba su ƙirguwa. Shi ya sa likita ke iya auna hasken daidai, ko da ba ta san labarin ƙwaya ɗaya ba."

Ya sauke hannunsa, ya bi darasin har aka kaɗa ƙararrawa.

Suka fito tare, suna bin inuwar dogonyaro a bakin hanya. Ta fara ba shi haƙuri, ya ce a bar wannan. Ya ce akwai wata kwana a hanyar Lome da ya san duk shekara sai motoci sun faɗi a cikinta, har yana iya faɗin kusan nawa, amma bai taɓa sanin ta wa ba. Sannan ya jero tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, a bayyane yake ya kwana biyu yana tara su.

Ya tambaya yadda ake kashe kobal in an gama. Ta ce ba a kashe shi, rufe shi ake yi da ƙofar ƙarfe mai kauri da dalma, a buɗe minti kaɗan a rufe. Ya tambaya ko zai dawo gida da hasken a jikinsa ya shafa wa jikokinsa. Ta ce a'a, kobal ɗin ba ya taɓa shi, hasken kuma da an rufe ƙofa ya ƙare, kamar yadda ɗaki ba ya riƙe hasken fitilar da aka kashe. Ya tambaya me zai hana naman lafiya ya mutu tare da na ciwo. Ta ce ta gefe biyu ake haskawa don ƙarfin ya taru inda suka haɗu, kuma naman lafiya ya fi iya gyara kansa kafin gobe, shi ya sa ake ba da shi kaɗan-kaɗan har mako bakwai.

"Wuyan Mahaman hwa?"

"Naka ma zai yi baƙi, Baba. Zai yi ciwo, haɗiya za ta yi wuya hiye da yanzu. Daga baya ya warke."

Ya gyaɗa kai. Sun kusa kwanar gidansu ya tsaya.

"Zan tashi?"

Ta san wannan tambaya na tafe, ta kuma san amsar da uwarta za ta so ta bayar. "Likita ta ce mini a cikin goma irinka, kamar takwas suna warkewa."

"Ni ina ciki?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, Baba."

Ya ciro hankici daga aljihu ya miƙa mata. Ya ce tun da aka fara wannan ciwo kowa ce masa yake ba komai, ita kaɗai ta ce ba ta sani ba. Sauran na Allah ne. Ya ce ta gaya wa Zaidu ya nemo musu wuri a kar ta ranar Lahadi, kujerar gaba.

A Yamai suka sauka gidan wani ƙanen Hawa'u. Aka jiƙa wata raga ta roba da ruwan ɗumi aka manna masa a fuska da wuya har ta bushe da kamanninsa, da ita ake ɗaure kansa a kan gadon don kada ya motsa. Ranar farko, kafin ya kwanta, ya tambayi ma'aikacin ɗakin shekarar da aka sa kobal ɗin. Mutumin ya yi mamaki ya gaya masa. Alhaji ya ƙirga da yatsu ya ce ashe ya fara raguwa, dole su ƙara minti. Ma'aikacin ya juya ya dubi Fadila, ta ɗaga kafaɗa.

Mako guda ta yi ta koma Ƙonni saboda 'yan bak, Hawa'u ta zauna da shi. Kullum da yamma suna waya. A mako na uku ya daina iya tuwo, sai koko da madara. A na huɗu fatar wuyan ta yi baƙi ta fara salewa, muryar ta ɗauke gaba ɗaya, sai Hawa'u ke faɗa mata abin da yake nufi. Da aka gama jarrabawa Fadila ta koma, ta same shi ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa. Ta shiga bayan gida ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito.

A bencin jira ya yi aboki, wani manomi daga Dogarawa mai suna Saminu, dogo, mai ƙari a gefen wuya kamar lemu. Shi ma gashin ake yi masa, yana bayan Alhaji da mako biyu. Wata safiya suka same shi a bakin ƙofa da buhun kayansa. An yi ruwan shuka a garinsu shekaranjiya. Ya ce yaransa ƙanana ne, matarsa ba ta iya gonar ita kaɗai, kuma shi bai ga abin da injin ke yi ba ban da ƙona masa fata. Tafiya zai yi.

Alhaji ya kama hannunsa ya zaunar da shi. Murya ta ɗan fara dawowa, raɗa ce kawai, sai da Saminu ya kawo kunne. Fadila tana gefe tana ji. Ya ce masa jikin mutum da ƙwayoyi aka gina shi, hasken nan kuma harsasai ne ƙanana da ke tsinke wa ciwon hanyar haihuwa. Kullum ana kashe wani kaso, ba duka ba, in ka bari a tsakiya waɗanda suka rage su ne masu taurin kai, su za su tsiro, kamar ka yi noman farko ka ƙi maimaici. Ya cakuɗa wasu abubuwa, ya ce elektoron na zaune a bayan katangar filin ƙwallo, Saminu ya kasa gane ina ƙwallo ta shigo. Fadila ta buɗe baki za ta gyara, ta fasa.

"Gonar hwa, Alhaji?" in ji Saminu.

Alhaji ya karɓi wayar ɗiyarsa ya sa ta kira Zaidu. Ta maimaita abin da yake raɗawa: gobe da sassafe Zaidu ya ɗauki mutum huɗu daga gareji da sungumi, su tafi Dogarawa su tambayi gidan Saminu. Da azahar washegari hoton gonar ya shigo waya, layin shuka har bakin kwari. Saminu ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da buhunsa masauki.

Alhaji ya gama nasa mako bakwai ya dawo Ƙonni cikin damina. Saminu ya gama bayansa, ƙarin ya sace sosai. Suna waya lokaci-lokaci, hirarsu ba ta wuce ruwan sama da abin da kowa ya iya haɗiya. Ana cikin girbi aka kira daga Dogarawa aka ce ciwon ya ɓulla a ƙirji, Saminu ya rasu ranar Talata.

Fadila ta raka mahaifinta gaisuwa. Suna cikin taksin daji, motar hayar ƙauyuka, sun bar kwalta, sai ya fara magana. Ya ce shi ya riƙe bawan Allah mako huɗu a Yamai, nesa da iyalinsa, da alkawarin abin da bai samu ba. Ta ce bai yi masa alkawari ba, tana wurin. Ya ce duk da haka.

Bayan ya zauna da maza a ƙofar gida an yi addu'a, matar mamacin, Binta, ta aiko a shigo da shi. Tana zaune a kan tabarma cikin mayafi, ƙananan yara uku a jikinta. Alhaji ya durƙusa daga nesa ya yi mata gaisuwa, sannan ya ce ta yafe masa, shi ya hana mijinta dawowa da wuri.

"Alhaji, kahin ya tahi Yamai ko ruwa ba ya wucewa sai da kuka," in ji Binta. "Da ya dawo wata uku yana cin tuwo tare da mu. Ya yi maimaici da hannunsa, ya ga gero ya yi kai. Kwana tara kaɗai ya kwanta. Ya ce in kun zo a ba ka dami ɗaya daga gonar da ɗanka ya shuka."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Fadila ta ga kafaɗunsa na rawa, ta juya ta shiga yi wa yaran magana don kada ya san ta gani.

Aka ɗaura damin a saman taksi suka dawo da shi. Bayan wata ɗaya suka je Yamai awo, likita ta zura tiyonta ta duba ta ce ba ta ga komai ba, su dawo bayan wata uku. Haka suke yi har yanzu. Muryar ba ta koma kamar da ba, in yana son kiran wani a tasha sai ya aika. In an tambaye shi ko ya warke, cewa yake an duba ba a gani ba, bai taɓa ƙara komai a kai ba. Duk damina kuma, da an yi ruwan shuka, Zaidu ya san aikinsa na farko a Dogarawa yake.